Manhajarmu tana ninka wa mutane bashi, abokina ya ce mu fitar da ita haka

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kano, shekaruna 31. Shekara ɗaya da rabi ke nan da ni da abokina na ƙuruciya muka kafa ɗan ƙaramin kamfani. Muna haɗa manhajar waya da za ta maye wa 'yan kasuwa gurbin littafin bashi: wa ya karɓi kaya, nawa ya biya, nawa ya rage. Mu shida ne. Ni ke jagorantar aikin, abokina shi ne babban mai rubuta manhajar, kuma gaskiya duk ya fi mu iya aiki. Kawuna ne ya zuba mana jari.

Sau uku muna sa ranar fitarwa muna ɗagawa. Duk mako sai kawu ya bugo da sabon abin da yake so a ƙara, yau lissafin zakka, gobe sayar da kati. Abokina ba ya cewa a'a, sai ya kwana yana rubutawa shi kaɗai, da safe mu tarar an canza abubuwa. Makonni biyu da suka wuce, ƙanwarmu da ke gwada manhajar ta gano cewa in sabis ya ɗauke daidai lokacin da ake shigar da bashi, wani sa'in bashin yakan shiga sau biyu. Da ta faɗa a taro, abokina ya daka mata tsawa a gaban kowa, ya ce ba ta san aiki ba, abin sai jefi-jefi yake faruwa. Ni kuma na yi shiru. Tun ranar ba ta ƙara magana a taro ba, sauran ma kowa ya kama bakinsa.

Yanzu kawu ya ce lallai a fitar kafin azumi, lokacin da kasuwa ke ci, in ma'aikata ne suka yi kaɗan zai biya a ɗauki mutum huɗu. Abokina ya ce mu fitar, ma gyara daga baya. Ina tunanin in rubuta ƙa'idojin aiki in manna a bangon ofis kamar yadda manyan kamfanoni ke yi. Wani lokaci kuma ina tunanin in rabu da abokin nawa. Ba na iya barci. Malam, wace ƙa'ida ya kamata mu bi?

Wani ɗan'uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya sa wa neman naku albarka.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma duk karatun a wuri ɗaya nake tsayawa, inda ka ce "ni kuma na yi shiru". Ba wanda ya tilasta maka ka rubuta wannan, da ka so da ka ɗora komai a kan abokinka da kawunka ka wuce. Da yake ka rubuta, na san zuciyarka ta riga ta gane inda ɗakin ke yoyo, kuma hakan ya sa nake da kyakkyawan zato game da kamfanin nan naku.

Kana tambayar wace ƙa'ida za ku bi. Kun riga kuna da ƙa'ida, an kafa ta ne ranar taron nan. Mutum uku sun zauna suna kallo, sun ga wadda ta kawo labari marar daɗi ta sha tsawa, sun ga shugaba bai ce uffan ba. Kowannensu ya koma kujerarsa da darasin da ya ɗauka: in ka ga ɓaraka, ka kau da kai. Ma'aikata ba sa koyon ɗabi'ar wurin aiki daga takardar bango. Suna koyonta daga abin da suka ga an yi a ranar da faɗin gaskiya ya zo da tsada. Saboda haka ka ɗan ajiye maganar takardar tukuna, za mu dawo kanta, amma akwai abubuwan da dole su riga ta.

Na farko shi ne kuskuren nan, kuma a nan ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ku saki manhajar ga jama'a alhali tana ninka bashi. Ka ɗauki wani Alhaji a Kantin Kwari da ya ba abokin cinikinsa na Maraɗi turmi ashirin na atamfa a kan zai biya bayan salla. Mutumin ya dawo da kuɗin turmi ashirin, waya ta ce arba'in. Shekara goma sha biyar suna hulɗa ba su taɓa sa-in-sa ba, yau ga shi ɗaya na ganin ana so a cuce shi, ɗayan na ganin ana so a cinye masa dukiya. In kuma suka sasanta a junansu, kan wa zargin zai faɗa? Kan yaron shagon da ya shigar da lissafin, wanda ba shi da bakin kare kansa. Abokinka ya ce jefi-jefi ne. To mu ƙaddara sau ɗaya ne cikin dubu. Shago ɗari biyu, kowane yana shigar da lissafi talatin a wuni, shigarwa dubu shida ke nan, wato bashin ƙarya shida kowace rana ta Allah. Kuma sabis ya fi ɗaukewa ne a cikin cunkoson kasuwa, daidai wurin da za a yi amfani da kayanku.

Irin wannan ya taɓa faruwa da waɗanda suka fi ku kuɗi da ƙwararru nesa ba kusa ba. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta fara aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999. Manhajar tana da kurakurai da ke nuna giɓin kuɗi a rassan da ba a taɓa ko kwabo ba. Maimakon a saurari masu kula da rassan da ke ta cewa lissafin ba daidai ba ne, sai aka gaskata na'ura aka ƙaryata mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da ɗaruruwansu a kotu bisa zargin sata da maguɗin lissafi, wasu sun yi zaman gidan yari, wasu sun rasa gidajensu da mutuncinsu. Sai a 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman ta soke hukuncin. Abin da ya mayar da kuskuren manhaja bala'i shi ne yadda aka toshe bakin masu faɗa.

Mu kuma muna da abin da ya fi wannan kusa da mu. Ka san hadisin da Muslim ya ruwaito, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ƙasa. Ya tambayi mai kayan don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ha'inci. Manhajar da kuka san tana da aibi a lissafin dukiyar mutane, kuka miƙa ta ba tare da kun faɗa ba, ban ga bambancinta da wannan tarin abincin ba. Abin farin ciki, ciwon yana da sanannen magani a wajen masu wannan sana'a: kowace shigarwa a ba ta lambarta ta daban tun a cikin wayar kafin a tura, ta yadda in wayar ta sake turawa bayan sabis ya dawo, babbar kwamfutar da ke ajiye bayananku za ta gane ta riga ta karɓa, ta ƙi rubutawa sau biyu. Ina kyautata zaton abokinka ya san wannan sarai. Gajiya da jin kunya ne suka hana shi cewa "ta yi gaskiya".

Sai ƙanwar taku. Tana binka bashin haƙuri, kuma kai ne za ka fara biya kafin abokinka. Ka fara samunta ita kaɗai ka ce mata abin da ta gano shi ne abu mafi daraja da aka kawo a kamfanin nan cikin watan, kuma ka yi kuskure da ka yi shiru. Sannan ka maimaita a taro, gaban mutanen da aka yi tsawar a idonsu, domin a inda aka zubar da mutunci a nan ake kwashe shi. Kada ka yi mamaki in ba ta saki jiki nan take ba. Mace matashiya a cikin maza, a aikin da ake yawan raina ta tun kafin ta buɗe baki, ba ƙaramin ƙarfin hali ta yi ba da ta ɗaga hannu ta ce babban mai rubutu ya yi kuskure. In kuka rasa ta, kun rasa idonku.

A masana'antun motocin Toyota akwai igiya da ke bin layin haɗa mota, kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, yana da ikon ya ja ta in ya ga matsala. Shugaban sashe zai zo nan take, in ba a warware ba layin ya tsaya. Sun yarda su yi asarar mintuna a kan su tura mota mai aibi gaba. Kamfanin Google ma ya fara wani bincike a 2012 a kan ƙungiyoyin ma'aikatansa 180, yana neman abin da ya bambanta masu nasara da sauran. Abin da ya zo kan gaba shi ne mutum ya san zai iya tambaya, ko ya ce na yi kuskure, ko ya ce ban yarda ba, ba tare da an muzanta shi ba. Ka ba ƙanwar nan taku irin wannan igiyar a fili: duk abin da ya shafi lissafin kuɗi, in ta ce bai wuce gwaji ba, bai fita ba, ko wa ya rubuta shi.

Yanzu abokinka, kuma ina so ka yi masa adalci. Mutumin da ke kwana yana aiki ba maƙiyin kamfani ba ne. Shekara ɗaya da rabi yana renon manhajar nan kamar ɗiyarsa, duk mako ana jibgo masa sabon kaya, ba ya iya ce wa dattijon da ya ba da kuɗi a'a, sannan a gaban ƙannensa aka nuna masa aibi. Tsawar ba daidai ba ce ko kaɗan, amma ta fito ne daga mutumin da aka bari shi kaɗai ƙarƙashin kaya. Kuma ka yi mini haƙuri in faɗa maka, tare masa wannan kayan aikinka ne. Kai ne jagora, kai ne kuma ɗan 'yar'uwar kawu. Duk buƙatar da ta wuce ta kanka ta faɗa wa abokinka kai tsaye, kai ka bar ƙofar a buɗe.

Ka nemi zama da shi a wajen ofis, ku ci abinci, ka fara da naka laifin kafin nasa. Ka ce masa daga yau kiran kawu a kanka zai riƙa tsayawa. Bayan nan ka gaya masa abubuwa biyu da ba za ka sassauta a kai ba. Zai ba ƙanwar nan haƙuri da bakinsa. Kuma daga yanzu babu rubutun da zai shiga manhajar sai wani ya duba shi, har nasa, har naka in kana rubutawa. Ka nuna masa wannan don kare shi ne: yau in ya kwanta zazzaɓi na mako biyu, wa ya san abin da ya canza da daddare? Kamfanin da duk iliminsa ke cikin kan mutum ɗaya yana tsaye ne da ƙafa ɗaya, shi kuma mai kan ba zai taɓa samun hutu ba.

Maganar rabuwa ka jingine ta, lokacinta bai yi ba, tunda ba ka taɓa zaunar da shi ka gaya masa gaskiya ba. Ku ba juna mako shida. In ya karɓa, ka sami abokinka ka sami kamfaninka. In ya karɓi duba rubutu amma harshensa ya ƙi gyaruwa, akwai hanya ta tsakiya: ya ci gaba da riƙe ɓangaren da ya fi wuya a manhajar, amma jagorancin mutane ya koma hannun wani. Sai in ya ƙi duka biyun ne za ku yi maganar rabuwa, cikin mutunci, da haƙƙinsa cikakke. Wannan ya kawo ni ga wata tambaya da ba ka taɓo ba: kason kowa a kamfanin nan, naka da nasa da na kawu, a rubuce yake da shaidu? In ba haka ba, ku yi shi a watan nan tun ana dariya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ku da kuke gina wa mutane littafin bashi ku ne kuka fi cancanta ku fara da kanku.

Kawu kuma, kada ka ɗauke shi matsala. Mutum ya ɗauki dukiyarsa ya danƙa wa yara a kan abin da ba ya iya taɓawa da hannu, sau uku ana ce masa gobe. Yawan kiran nan nasa, ina ganin, hanyarsa ce ta jin cewa yana da hannu a abin da ya sa kuɗinsa. Ka je gida ka same shi, kada ka yi ta waya. Ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka nuna masa kuskuren a wayarka da idonsa, ka tambaye shi: "Kawu, da a shagonka wannan ya faru da babban kwastomanka, yaya za ka ji?" Ɗan kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani a kan darajar suna. Ka roƙe shi ku riƙa zama sau ɗaya a wata, ka nuna masa abin da aka gama, shi kuma ya kawo shawarwarinsa a rubuta su a jeri ɗaya. Duk wadda yake so a gabatar, ka tambaye shi cikin ladabi wacce za a ajiye a madadinta, domin taura biyu ba ta taunuwa. Lissafin zakka tunani ne mai kyau, zai zo a lokacinsa, bayan lissafin bashin ya tsaya da ƙafarsa.

Tayin mutum huɗun nan ka gode masa, amma kada ka karɓa yanzu. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Dalilin a fili yake. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma mai koyarwar shi ne abokin nan naka da ba shi da lokacin barci. Ga kuma yawan baki: ku shida, hanyoyin magana tsakanin mutum da mutum goma sha biyar ne, in kun zama goma sun koma arba'in da biyar. In kawu yana son ya ƙara kuɗi, ya sayo muku ƙananan wayoyi masu araha irin na yaran shago don gwaji, da data, da abin da zai riƙe muku wuta a ofis.

Game da azumi, akwai abin da za ka iya kai masa wanda ya fi "a'a". Ku gyara kuskuren, ku cire duk wani ƙari, ku bar abu ɗaya tak: shigar da bashi, rage shi in an biya, nuna saura. Ku ba shago goma da kuka sani, da sharaɗin su ci gaba da rubutu a littafinsu na takarda, duk yamma ɗayanku ya je a gwada lissafin biyu. Ku gaya musu a fili gwaji ne. Ka kuma tuna wa kawu cewa lokacin da kasuwa ta fi ci shi ne lokacin da ɗan kasuwa ba shi da sararin koyon sabon abu, mai shagon da kwastomomi suka yi wa layi ba zai tsaya neman inda ake dannawa ba. Fitarwa ta gaba ɗaya ta fi dacewa da bayan salla, lokacin da ake zaman karɓar basussuka.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarka ba, kuma rashinsa ya dame ni fiye da tsawar. Ka ambaci kawu, ka ambaci aboki, ka ambaci ranar fitarwa, amma ba ka ambaci ɗan kasuwa ko ɗaya da ya riƙe manhajar a hannunsa ba. A cikinku shida, wa ya taɓa wuni a shago a Kwari ko Singa ko Dawanau, yana kallo kawai? Ka san M-Pesa ta Kenya. Da aka fara gwada ta a 2005, an tsara ta ne don masu karɓar ƙananan rance su riƙa biya ta waya. Masu aikin suka lura mutane na amfani da ita suna tura wa junansu kuɗi, suka bi abin da suka gani, kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar da ita a Maris 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Da sun zauna a ofis suna jayayya da ba su ga wannan ba. Ku ma za ku ga naku. Wataƙila ku tarar Alhaji ba ya taɓa littafin, yaronsa ne ke rubutu. Wataƙila ku tarar wani da ajami yake rubuta sunaye, wani kuma da laƙabi ya san kwastomansa da garin da ya fito. Tabbas za ku tarar bashi sirri ne, mai shago ba zai so wanda ke tsaye a gabansa ya hango sunan maƙwabcinsa a fuskar waya ba, kuma dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta ɗora muku nauyin tsare irin waɗannan bayanai. Ka sa ya zama kowane mako mutum biyu suna zuwa kasuwa, bi da bi, har da abokinka. Rabin gardamar da kuke yi a taro za ta mutu da kanta, domin maimakon "ni ina ganin" za a koma "na ga yaron shago ya kasa gane wannan maɓallin".

Bayan duk wannan sai takardar bangon. Kada ka rubuta ta kai kaɗai, kuma kada ka kwafo ta wani kamfani. Mutum goma sha bakwai da suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka a Fabrairun 2001 suka fitar da bayanin da ya sauya yadda ake haɗa manhaja a duniya, ginshiƙansa huɗu ne kacal, kuma kowane yana faɗin abin da za a fifita in abu biyu masu kyau suka ci karo, misali manhajar da ke aiki a kan tulin takardun bayani. Ku yi koyi da wannan siffar. Kalmomi irin su "gaskiya" da "ƙwazo" kowa ya yarda da su, shi ya sa ba sa raba gardama. Ku rubuta jimlolin da za a iya ɗagawa a tsakiyar musu, da Hausar da kuke magana da ita: lissafin kuɗin mutane ba ya fita da aibin da muka sani, ko da za mu saɓa rana. Wanda ya gano kuskure godiya ake yi masa. Ba a ƙara sabon aiki sai an ajiye wani. In mun saɓa a kan abin da ɗan kasuwa ke so, kasuwa za mu je. A saurari kowa, amma a san mutum ɗaya da zai yanke, kuma a aikin nan kai ne. Ku karanta su tare duk ƙarshen wata, kowa ya faɗi inda aka karya su, kai ka fara da naka.

Rashin barcin nan naka, ina jin nauyin abin da ka san ya kamata ka faɗa ne ba ka faɗa ba, kuma zai ragu da zarar ka fara. Gobe da safe ka fara da ƙanwarku, kafin kowa ya iso ofis. Jibi abokinka. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka wuce gidan kawu da wayar a aljihunka. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ku fitar da abin da zai amfani mutane. In mako shidan sun cika ka sake rubuto mini, ina so in ji abin da yaran shagunan nan goma suka ce.